Tafkin Ƴan Lambu da Aka Ce Ba Shi da Amfani

Zuwa ga: Shugaban Kwamitin Tsara Filayen Noma, Jos
Daga: Salma Abdulfatah, Sakatariyar Matasan Manoman Rani, Tudun Wada
Kwanan wata: 18 ga Satumba, 2023

Game da: Shirin cike Tafkin Ƴan Lambu da ƙasa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da ƙorafi a kan sabon tsarin kwamitinku, wanda ya kira tsohon ramin kuzar da muke ban-ruwa da shi "wurin da ba shi da amfani", ya kuma ware shi domin gina ɗakin ajiyar taki.

1. Jami'anku sun zo duba tafkin ranar 9 ga Agusta, ana tsuga ruwan sama. Babu shakka ranar ba mai buƙatar tafki, kamar yadda ba mai neman bargo da tsakar rana a watan Maris. Saboda taɓo ba su sauko daga mota ba, sun dai sauke gilashi kaɗan. Muna jinjina wa kaifin idonsu.

2. Rahoton ya ce tafkin ba ya samar da komai. To daga Nuwamba zuwa Afrilu, kabejinmu da karas da latas shayi suke sha? Tafkin ne yake riƙe ruwan damina, ba ya barin sa ya kwarara gidajen da ke gangare. Kwaɗinsa suna cinye mana ƙwari, ba su taɓa neman alawus ba. Ƙudan zuman da maƙwabcinmu Malam Linus yake kiwo a bishiyoyin bakin ruwan su ne suke sa kokwambarmu ta yi ƴaƴa. An koya mana a jami'a cewa duk wannan aiki ne, kuma ana lissafa shi kafin a taɓa fili. Ina kyautata zaton jami'anku ma an koya musu.

3. Direban kwamitin yana wanke motar kwamitin a tafkin kowace Asabar. Ba mu hana shi ba. Muna roƙo kawai a tambaye shi ra'ayinsa.

4. Idan aka cike ramin, za mu samu ɗaki cike da taki, babu ruwan da za a narkar da shi. Mahaifiyata da lambun nan ta biya mini makaranta, kuma da shi ƙannena suke ci. Wallahi, ranka ya daɗe, na gaji da jin "za a duba".

Don haka ina roƙon a dakatar da aikin da aka sa wa ranar 2 ga Oktoba, a sake zuwa a watan Fabrairu, a ƙafa, a auna abin da tafkin yake yi mana. Mun riga mun yafa irin kabejin bana. Tifar ƙasar da ta fara zuwa za ta tarar da mu zaune a bakin ruwa. Za mu gaishe da direbanta cikin ladabi, amma ba za mu matsa ba.

Allah ya ƙara girma, ya taya ka riƙo.

Taka mai biyayya,
Salma Abdulfatah