Ba Za a Sake Fitar da Mal-sun daga Makaranta Ba

Zuwa ga 'yata Gyeong-ae,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ni ƙalau nake, ban da gwiwar nan. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aikin soja na tsinci harafi.

Kawunki Pan-su ya zo ranar tunawa da rasuwar mahaifiyarki Mal-sun. Ko shinkafar da muka ajiye mata bisa al'ada ba ta huce ba ya fara ƙorafi. Wai ƙanwarsa ba ta samu hutu ba, tunda an binne ta da giɓi a jiki. Wai in buga hatimina na sa hannu a takarda, a karɓo 'yar tsokar hantarta daga jami'arku, a goge ta daga rumbun bayanan nan naku. Har da ce mini, "Suruki, kai me ka sani a ciki?"

Na san abin da kika gaya mini a asibiti. Kowace ƙwayar gado tana da makunninta, kamar fitila. Wadda ke kunne a hanta daban, ta zuciya daban, ku kuma kuna tara lissafinsu don masu bincike su riƙa dubawa. Mal-sun ta saurare ki da kyau, sannan ta ce a yanki hantarta. Da bakinta.

Ki gaya mini gaskiya, da ita ake aiki ko ajiye ta kawai aka yi?

Mahaifinki,
Bong-sik

Gyeong-ae 'yata,

Ina gaishe ki, yaya jikin ƙaramin jikana? Amsarki ta iso. Sau uku na karanta inda kika ce har daga ƙasashen waje ana duba bayanan hantarta.

Amma kin ɓata mini rai da kika ce in bi kawunki don a zauna lafiya, wai tsoka ɗaya ba za ta rushe aikin ba. Akwai abin da ba ki sani ba. Uwarki tana aji biyu aka cire ta, aka tura ta tonon kifi mai ɓawo a taɓon bakin teku, don wannan Pan-su ya yi karatu. Har ta tsufa, in mun wuce ƙofar makaranta sai ta rage sauri.

Kawun naki ya dawo da safe da 'ya'yansa biyu. Na ce masa, "Yaya, sau ɗaya kuka fitar da ita daga makaranta, ya isa." Ya kira ni jahili mai taurin kai. Na ce duka biyun gaskiya ne. Na ɗauki hatimin, suna biye da ni har bakin gaɓa, na wurga shi cikin teku. In yana so ya shiga taɓon ya nemo, ita ma haka ta shiga dominsa.

Ya rantse ba zai ƙara taka gidana ba. Shekara mai zuwa ni kaɗai zan jera mata abinci, sai in kin zo.

Gobe in kin isa wurin aiki, ki gaishe ta. Ki ce na ce ta zauna daram, babu mai zuwa ɗaukarta.

Mahaifinki,
Bong-sik