Saifar Auta

Litinin, 3 ga Maris
An daina ganin yara masu sikila duk wata, sai bayan wata uku. Sista mai tabarau ce ta faɗa mana muna zaune a benci. Wai kasafin bana bai kai ba. An rage nas-nas, ita kuma an raba ta tsakaninmu da ɗakin haihuwa. Abin da aka yi tsiminsa za a gyara firjin ajiyar jini da shi. Na ce, "Sista, to wa zai riƙa taɓa min cikin Auta?" Ta ce, "Ke." Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Alhamis, 6 ga Maris
An tara mu iyaye an koya mana. Saifa tana hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. In ta kumbura farat ɗaya, jinin yaro take shanyewa, a ruga asibiti ko takalmi kada a nema. Sista ta kwantar da Auta, ta ɗora yatsuna ta danna da nata. "Kin ji? Kamar gefen sabulu." Ni bugun zuciyata kawai na ji. Ta ba ni 'yar sandar da suke danne harshe, ta ja zane da biro daidai inda saifar ta tsaya. In ta wuce zanen, in zo.
Ni da sai da na yaye Auta na koyi riƙe biro, yau ni aka miƙa wa aikin nas.

Asabar, 15 ga Maris
Babansu ya ce an ɗauke ni aiki ba albashi. "Likita, a duba min baya mana." Ban kula shi ba.

Laraba, 26 ga Maris
Na sake kai ta. Zan iya rantsewa ta wuce zanen. Muka wuni a jira kafin Sista ta fito daga ɗakin haihuwa, tabaraunta a karkace. Ta taɓa ta ce, "Maman Auta, abincin rana kika auna. Da safe ake yi, kafin ta ci." Ba ta yi faɗa ba. Amma ina jin nishin matar da ta baro a ciki saboda ni. Har gida ban ɗaga kai ba.

Talata, 8 ga Afrilu
Na gaji. Auta ma. Da ta ga sandar sai ta ɗage riga da kanta, tana kallon rufi.

Juma'a, 11 ga Afrilu
A asibiti nake rubutun nan, a kan cinya.
Da safe ba ta tashi ta nemi shayi ba. Na ja fatar idonta, fari fat. Na sa hannu, sai ga gefen sabulun, ƙasa da zanen sosai, kuma cikinta babu komai. Kunyar rannan ta so ta zaunar da ni. Babansu ya ce, "Kin tabbata dai?" Na ce ya fito da babur.
Sista tana karɓar haihuwa. Wani likita ne da ban sani ba, na miƙa masa sandar. Ya taɓa sau ɗaya ya kira a kawo jini. Daga firjin aka ɗauko, yana nan a lungu yana ƙugi. Na daɗe ina hararsa.
A tsohon tsari, sai wata mai zuwa ne ranar ganinta. Ban son tunanin wannan.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Ta ci. Ta ce shayin asibiti ba sukari.

Litinin, 19 ga Mayu
Ranar komawa ganin likita bayan sallama. Benci ya cika har ƙasa, Sista ita kaɗai, muryarta ta dushe. Har yanzu ban ce tsarin nan ya yi ba. Mutum ɗaya ba ya rabuwa gida biyu.
Kusa da ni wata yarinya ce da ɗanta na fari, an ba ta sanda yau, tana ta juya ta. Ta ce, "Yaya, wallahi ni ban ji komai ba." Na duba, Sista ta yi nisa. Na ce ta kwantar da shi a cinyata, ta kawo hannunta. Yatsunta sanyi ƙalau.
Na tambaye ta ko ya ci abinci.