Kumburi ne, su kuwa sun ce jego ya karɓe ta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, takaici ya cika ni har na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, a Malali muke zaune da matata. Kwanan nan Allah Ya ba mu haihuwar fari, bayan suna aka tafi da ita wankan gida wajen mahaifiyarta, Inna, a Mando. Ban hana ba, al'ada ce, kuma mahaifinta malamina ne, a gabansa na yi sauka, ko ido ba na iya haɗawa da shi.

Duk zuwan da na yi sai in ga ta ƙara cika, fuska ta yi suntum, ƙafa ba ta shiga silifas. Matan gidan kuwa sai murna, wai jego ya karɓe ta, har tsokanata suke in shirya sababbin ɗinkuna, na kawo siririya za a mayar mini da Hajiya. Amma na lura ba ta ƙarasa magana sai ta tsaya ta ja numfashi, ga tari, daga ɗaki zuwa tsakar gida sai haki. Ta ce mini ba ta iya miƙewa a katifa, sai dai ta tara filo ta jingina.

Da ƙyar da roƙo Inna ta bari na kai ta asibiti, wai mai jego ba ta yawo. Likita ya danna ƙafarta, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Bayan an yi hoton zuciya ya ce zuciyarta ce ta yi rauni, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, abin da ake kira ƙiba ruwa ne ya taru har cikin huhu. Ya ce suna yawan ganin haka a masu jego, wasu ma ba a kawo su sai lokaci ya ƙure. Ya hana kunun kanwa da gishiri da wankan tafasasshen ruwa, ya ba da magunguna, ciki har da mai sa fitsari don ruwan ya sauka.

A durƙushe na yi wa Inna bayani, ta ce to. Kumburi ya fara sauka, numfashi ya dawo, na ce alhamdulillahi. Ashe matan unguwa masu shigowa sun fara cewa yarinya ta zube, anya ana kula da ita kuwa. Wallahi wannan surutun shi ya fi damun Inna a kan ran 'yar da ta haifa. Ta ɗauke maganin ta ɓoye, wai yana zuƙe ta, ta mayar da ita kan kunun kanwa safe da yamma, ga farfesu ya sha magi da gishiri.

Jiya daga ofis na biya, na tarar ta sake cika, kofin kunu a gabanta, jaririn ma ta kasa ɗagawa ta ba shi nono. Ga wasu mata a zaune suna yaba ta, wai yanzu ta yi kyau. Ban taɓa ƙyamar yabo irin na ranar ba. Da suka fita ta riƙe mini riga ta ce, "Ka ɗauke ni, ni ba zan iya yi wa Inna musu ba."

Na sami Malam, ya ce harkar mata ce, shi dai zai yi mata rubutu. Na koma wajen Inna, ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Da kanwar nan muka yi namu jegon, ga mu a raye. Ba za a ce 'yata ta koma ɗakinta kamar kara ba. Ka bari ta yi arba'in."

In na kawo mota na ɗauke ta da ƙarfi, na ci mutuncin malamina a cikin gidansa, kuma Inna ta rantse in 'yarta ta taka ƙofa ba ta yafe mata ba. In na yi shiru kuma na san abin da likita ya faɗa mini.

To jama'a, ya zan yi? In je in ɗauko matata yau, ko in zauna jiran arba'in ɗin? Don ni yanzu ban san wace arba'in ake shirya mata ba, ta wanka ko ta sadaka.