Kowa Ya Yi Kukansa Shi Kaɗai

Zuwa ga Autana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka da waɗanda kuke kwana ɗaki ɗaya. Allah Ya tsare min kai daga wutar waldar nan da dogayen ƙarafan da kuke hawa, Ya kiyaye idanunka, Ya sa albarka a guminka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwata ce dai take halinta, in na zauna a ƙasa sai an miƙo min hannu. Babban yayanku ya mayar da shagonsa kusa da tasha, ya ce can an fi ciniki, ni dai abin da na gani ya fi dawowa a gajiye. Yayarka ta zo ta yi mana kwana biyu da yaranta, gidan ya cika, da suka tafi kuma sai da kunnuwana suka yi ta neman hayaniyar. Takwarata, 'yarka, ta yi baki sosai. Kujerar nan ta bakin taga da nake zama yanzu ta ce tata ce, wai ni tsohuwa ce in je in kwanta. Kullum sai mun yi shari'a a kanta, kullum kuma ni ake kayarwa.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali muna magana a waya. Dalili shi ne a waya kai ne da linzami. Ya jiki, ya gida, me ake bukata, sai an jima, shi ke nan ka tsere min. Takarda kuwa ba ta da sauri, dole ka zauna ka ji ni har ƙarshe. Ran nan da ka kira, ka ce matarka ta canja, sai ka kira sau da yawa kafin ta ɗauka, in ta ɗauka kuma daga "to" sai "ba komai". Ka ce babu abin da ba ka yi mata ba, ka rufe da cewa mata dai ba a iya musu. Na yi shiru ne don maganar ta fi ƙarfin a amsa ta a tsaye da waya a kunne.

Bari in ba ka labarin ranar da cikin matarka ya zube, don kai labarinta ka ji, ni kuwa a gabana aka yi. Da hantsi ta dawo daga makarantar da take koyarwa, lokacin tashi bai yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina, hannu ɗaya a jikin bango, allin da take rubutu da shi bai ma fita daga yatsunta ba. Ka san na tsufa a ɗakin haihuwa, ina ganin fuskarta na gane, tun kafin ta buɗe baki. Muka je asibiti, aka yi abin da za a iya, Allah bai nufa ba. Cikin ya riga ya fara motsi, Auta. Ta san lokacin da yake tashi da lokacin da yake lafawa, ta san in ta sha ruwan sanyi sai ya harba. A wurinka, abin da ka rasa ɗa ne da kake jira. A wurinta kuwa, wanda ta riga ta sani ne ya tafi.

Da ta kira ka daga gadon asibiti ina zaune a gefenta, ina jin muryarka. Ka ce ta yi haƙuri Allah zai ba ku wani, sannan ka shiga tambayar wane likita ne, wane magani aka rubuta, akwai wanda ya fi shi. Bayan nan sai saƙo ya fara zuwa. Sabuwar katifa, fanka, ga wayar nan mai faɗi. Duk ta karɓa ta yi godiya. Amma daga ranar har yau ba ka sake ambatar abin ba, ko sau ɗaya. Ita kuwa kullum sai ta shiga ofishin malamai ta zauna kusa da wata abokiyar aikinta da suka ɗauki ciki kusan tare, suna auna rigunansu suna dariya a da. Cikin waccan yana ta girma a gabanta. Tana taya ta ɗaukar littattafai, tana yi mata sannu, ta dawo gida ta rufe ɗaki.

Ba laifinka nake son nunawa ba. A shekarun da na yi ina karɓar haihuwa na ga maza iri-iri a barandar asibiti. In abu ya ɓaci na fito na gaya wa miji, yawancinsu abin da ke fara fitowa daga bakinsu shi ne me za a sayo. Wani sai in ba shi takardar maganin da ma muna da shi, don kawai ƙafafunsa su sami inda za su je, in ba haka ba faɗuwa zai yi. A ciki kuma matar ba ta tambayar magani. Tambayarta ita ce ya zo, me ya ce, yaya fuskarsa. Tun kuna ƙanana mu muka koya muku haka, in yaro ya faɗi mu ce tashi kai namiji ne, in yarinya ta faɗi mu rungume ta mu ce faɗa min inda ke ciwo. Sai ku girma ciwonku ya koma hannu, namu ya koma baki. Ba kowa ba ne dai, yayarka ga ta nan mace ce amma ko wuƙa aka sa mata ba za ta ce uffan ba, mijinta kuwa in kyanwarsu ta yi tari sai unguwa ta ji. Amma kai da matarka kun faɗa a kan wannan layin sak. Ta yi zaton shirunka rashin damuwa ne, kai kuma ka ɗauka in ka taɓo maganar fama mata ciwo za ka yi.

Akwai abin da ban taɓa zama na ba ka labarinsa ba. Tsakaninka da yayarka na haifi ɗa namiji, bai yi kwanaki ba ya koma. Mahaifinku, Allah Ya jiƙansa, bai zubar da hawaye a gabana ba. Washegari ya samo siminti ya hau gyaran katangar bayan gida wadda ba abin da ya same ta. Ina kwance ina jin ƙarar cebur, ina cewa a raina wannan wane irin mutum ne, ni ina nan ƙirjina cike da nonon da babu mai sha, shi yana can yana kwaɓa yashi. Na daɗe ina riƙe da shi a zuciya, muna ci tare, muna hira, amma akwai wani ɗaki a cikina da na kulle masa. Sai bayan shekaru, wata safiya yana ɗaura takalmi zai fita, yaran maƙwabta suka wuce da kayan makaranta. Bai ɗago kai ba ya ce, “Da yanzu namu ma yana cikinsu.” Ya miƙe ya fita. Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba tun farko. Ashe duk shekarun nan yana lissafe, kamar yadda nake lissafe, muna kan gado ɗaya kowa da nasa. Har yau in na tuna shi, ba wahalar da muka sha ce ke ci min rai ba, shekarun nan ne da muka yi asararsu, da ya yi magana da wuri, ko da ni na tambaya. Yanzu ina da tambayoyi cike da baki, wanda zan yi wa ba ya nan.

Kada ka ji haushin abokin ɗakinka, amma ya yi waya da yayanka. Ya ce a makon da abin ya faru ba ka iya cin abinci ba, ka roƙi a ƙara maka aiki har ranar hutu, ya kuma tarar da kai a bayan ma'ajiyar ƙarafa ka rufe fuska da hular walda kafaɗunka suna rawa. Da yayanka ya gaya min, na yi ta juya abin, daga baya na ga ita ta fi kowa haƙƙin sani. Na same ta da yamma tana duba littattafan yara a tsakar gida, na zauna na faɗa mata. Na zaci za ta ji sanyi. Ta ajiye jan biron ta ce, “Umma, to me ya sa ƙarfe ya ga hawayensa ni ban gani ba? Ni ce fa uwar yaron.” Tambayar taka ce, shi ya sa na kawo maka ita yadda take.

Yanzu ga inda ake. Ta nemi izinina in an yi hutun makaranta za ta je wajen iyayenta ta huta. Ban hana ba, ba ni da hujjar hanawa. Amma na shiga ɗakinku neman almakashi na ga irin shirin da take yi. Mai zuwa hutu ba ta naɗe labule, ba ta haɗa takardun shaidar karatunta da katin asibitin yarinya. Ba ta ce min komai ba, ba ta taɓa ɗaga min murya ba, har yanzu ita ke shafa min magani a gwiwa. Irin wannan shirun nake tsoro. Mace in tana faɗa tana mita, da sauran zance. In ta koma ladabi zalla, ta fara sallama ne a zuci.

Abin da na tabbata ba ka sani ba shi ne, watan gobe ne watan da za ta haihu da cikin ya tsaya. Ku maza kuna riƙe ranar da abu ya faru, mu kuma har ranar da ya kamata ya faru muna riƙewa, jiki ne ke tuna mana ko mun ƙi. Abokiyar aikin nan tata a watan za ta sauka, za a kira ta, za ta je ta ɗauki jaririn ta yi murmushi. Ba na so ta dawo daga can ta tarar da ni kaɗai. Ka je wajen shugaban aikinku ka nemi hutu, ko na 'yan kwanaki ne. In ya tambayi dalili ka ce an yi maka rasuwa, don gaskiya ce. Kada ka tsaya sayen tsaraba. Kafin nan kuma ka kira ta, kada ka tambaye ta me take bukata, kada ka ce ta yi haƙuri, ta ji wannan har ta ƙoshi. Ka gaya mata abin da ya same ka a bayan ma'ajiyar nan. In muryarka ta karye ka bar ta ta karye. In ta yi kuka kada ka nemi tsayar da shi, in ta yi maka faɗa ka gode wa Allah.

Ni ma ba zan ɓoye maka ba, ina kewarka. In an taɓa ƙofar gida da yamma har yanzu sai na ɗaga kai, don kai kaɗai ne kake turo ta da kafaɗa. Girma ya zo min, ina so in gan ka zaune a gabana kana cin abinci da saurin nan naka ina yi maka faɗa. Amma in ka zo, ɗakinku za ka fara shiga, ni na iya jira.

Babban yayanku da matarsa suna gaishe ka, haka yayarka da maigidanta da yara. Kawunka ya ce in tambaye ka ko ka manta hanyar gida ne a aiko maka da ɗan jagora. Goggonka tana yi maka addu'a kullum. Takwarata ta ce a ce wa Baba ya zo ya raba mu rigimar kujera. Ka gaishe min da abokin ɗakinka, ka ce na gode, Allah Ya ba shi masu yi masa. Matarka ba ta ce in gaishe ka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma da ta ga ina laluben ambulan, ita ta ɗauko min, ta ce in kawo ta rubuta adireshin. Ba ta duba ko'ina ba ta rubuta shi, har lambar ɗakinku.

Allah Ya yi maka albarka, Ya kawo min kai lafiya.

Taka har kullum,
Ummanka