Sabon Gem da Yatsu Uku

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yaro. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta ji sauƙin ƙafar, har ta koma faɗan da ta saba, ka ga kuwa lafiya ta samu.

Saƙonka ya iso, kuma ba zan ɓoye maka ba, ranar da aka buɗe kwalin na ga na'urar gem raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wato Auta ya rasa abin da zai aiko wa mutumin da injin katako ya cinye wa yatsu biyu sai abin dannawa? Ka san tun da na baro asibiti hannun nan yana cikin aljihu. Likita ya ce in ban riƙa motsa ukun da suka rage ba za su sandare, aikin kafinta kuma sai dai in ga ana yi. Ya ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa, na cilla ta bayan kabad. Dogo abokin aikina shi kaɗai ke riƙe da shago, ya zo gaishe ni ma sai in sa a ce ina barci.

'Yarka, wato babbar 'yata, ita ce ta jona na'urar da talabijin. Ina kwance a ɗaki na ji kiɗan, wallahi sai da na tashi zaune. Ashe gem ɗinmu na yarinta ne aka sake yi, mai gadar nan da ta hana mu sukuni. Ka tuna? Rai uku kacal, ka mutu ka koma farko, ka kusa gada a ɗauke wuta, mu busa kaset mu sake. Da ƙyar da jiɓin goshi na haye ta, layinmu kaf ni kaɗai, kai kuwa kuka kake kana cewa na cinye maka layi.

To na fito in gani, sai na tarar yarinyar nan ta haye gadar tana cin gyaɗa. Haba Auta! Sun faɗaɗa ta, sun sa kibiya mai nuna hanya, in ka faɗa rami a nan bakin ramin ake tashinka. In ka cika mutuwa ma sai ya tambaye ka ko a sassauta maka. Ka ji rainin wayo. Na yi ta sababi ina cewa an lalata abu, wahalar da muka sha ta tashi a banza. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ai tsohon yana ciki, ba su taɓa shi ba, in ina so ta buɗe mini.

Na karɓa da ƙarfin hali. Auta, ramin farko ban tsallake ba. Maɓallin tsalle yana wajen yatsan da babu. Na mutu, na sake mutuwa, na ji ƙwalla ta cika mini ido a gaban 'yar cikina. Sai ta mayar da ni sabon, ta shiga wani wuri ta juya maɓallan suka dawo inda yatsuna suke. Tsohon da nake yi wa kirari ba shi da wannan, da shi ka aiko da ya kore ni tun daga ƙofa.

Tun ranar kullum sai na taɓa. Hannun yana zogi, ina masifa, ina dannawa. Har yanzu ina jin haushin kibiyar nan, kuma hawan gadar bai yi mini daɗin na da ba, gara in faɗa maka gaskiya. Amma da na koma asibiti likita ya lanƙwasa yatsun, ya yaba, ya ce ƙwallon tana aiki. Matar yayanka ta kusa shaƙewa don dariya.

Na gode, Auta. Na zage ka a raina, ka yafe mini. Allah ya saka maka da alheri, ya raya maka zuri'a. Jiya na aika wa Dogo ya gyara mini bencina, ran Litinin zan fita shago. Ina jin tsoron ƙarar injin nan, ban faɗa wa kowa ba sai kai, ka sa ni a addu'a.

Inna tana sa maka albarka, matar yayanka da yara suna gaishe ku, ka shafa mini kan yaro. Ka yi haƙuri da karkacewar rubutun, da hannun na yi shi.

Naka,
Yayanka