Dabinon Baba da Ruwan Wankina

Zuwa ga Baban yara,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ciwon bayan nan? Mu da yara duk ƙalau muke, alhamdu lillahi.

Bayan haka, ka gyara zama, yau ranata ce. Ka tuna zuwanka na bara, da ka ga ganyen dabinon da marigayi Baba ya dasa ya fito da zane fari kamar an ja masa alli? Ka dubi bahon wankina da ke gindinsa, ka yanke hukunci cewa ruwan sabuluna ne ke kashe abin da mahaifinka ya bar maka. Har suna ka laƙaba mini, Sarauniyar Kumfa. Na yi dariya a gabanka, amma wallahi maganar ta ci mini rai. Tun daga nan na koma wanki a bayan gida cikin rana, wasiƙunka kuma suka koma tambayar bishiya kafin tambayata.

To, abin da ban gaya maka ba, na cire ɗan da ya tsiro a gindin dabinon na kai gidan Yaya, yayarka da ta fi kowa goya maka baya. Ka san ta, ko hankici sai ta aika wa mai wanki da guga, ƙasar lambunta ba ta taɓa ganin kumfa ba. Da hannunta ta dasa, ita take ba shi ruwa.

Jiya ta aiko in zo maza. Sabon ganye ya buɗe, zane fari tar tun daga tushe har tsini, sak uwarsa! Yaya ta murza ganyen, ta shinshina, sai ta shiga tambayata lafiyar yara. Halittarsa ce haka, Baban yara. Naka kuwa sai ƙara tsayi yake, masu wucewa har leƙe suke ta katanga.

Kada ka wahalar da kanka da tsaraba. Ka rubuto da hannunka cewa ban cuci dashen Baba ba, shi kaɗai nake jira. Baho dai tun safe ya koma inuwarsa, rigarka ce ma a ciki.

Yara suna gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Sarauniyar Kumfa