Ƙyandar Zaituna

Landan, 1968

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baffa? Ni ƙalau nake, barci ne kawai ya ƙaurace mini tun da na ji ƙyanda ta kama jikarki Zaituna.

A asibitin da nake koyon aiki, an ce cutar ba ta da magani. Wasu ƙwayoyin jiki ne a cikin jini ke gane baƙuwar cutar, su far mata. Zazzaɓin nan yaƙinsu ne. Don Allah kada a hana Zaituna ruwa da kunu.

Kullum jinin 'ya'yan wasu nake dubawa, Inna. Na san kafin takardar nan ta iso Haɗeja an gama yaƙin. Allah Ya sa ta tarar da ita tana wasa.

Ɗanki,
Haladu